Daga Legas Zuwa Akra Ta Mota: Yadda Ake Ƙetare Iyaka Uku Ba A Mayar Da Kai Ba

Tsakanin Legas da Akra bai cika kilomita 500 ba, amma wanda ya bi ta mota sai ya ƙetare iyaka uku: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Gana. A kowacce akwai mai sallamarka, akwai mai karɓarka, wato hatimi shida ke nan a zuwa, shida a dawowa. 'Yan kasuwarmu na Agege da Mile 12, da masu ziyarar dangi a unguwar Nima ta Akra ko Zangon Kumasi, da ɗalibai, da masu zuwa ɗaurin aure, duk ta nan suke bi, balle yanzu da hanyar arewa ta Yamai da Wagadugu ta yi wuyar bi saboda rashin tsaro. Akasarin waɗanda ake tsarewa ko a mayar da su ba masu laifi ba ne. Mutane ne da takardarsu ta faɗi abu ɗaya, bakinsu ya faɗi wani, jakarsu kuma ta faɗi na uku.

Abin da doka ta ba ka, da abin da ta bar wa jami'i

Ƙasashen nan huɗu duk 'yan ECOWAS ne, wadda masu Faransanci ke ce wa CEDEAO. Yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ce ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Sai dai da sharaɗi uku: ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya, ya riƙe katin rigakafi na ƙasa da ƙasa, kuma ya shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Mutane sun haddace maganar rashin biza, sun manta da sharuɗɗan.

Akwai kuma sashe na 4 na yarjejeniyar, wanda ba kowa ya san da shi ba. Ya bar wa kowace ƙasa ikon hana mutum shiga idan dokarta ta sa shi cikin waɗanda ba a karɓa: wanda aka taɓa kora, wanda ake zargi da barazana ga tsaro, mai takardar jabu, wanda ba shi da abin da zai riƙe kansa, da makamantansu. Wanda ke yanke wannan hukunci a nan take shi ne jami'in da ke zaune a bayan kanta, cikin 'yan mintoci, da abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Saboda haka tsayawa kana ɗaga murya kana cewa "ai ni ɗan ECOWAS ne" ba ya buɗe ƙofa. Jami'in ya fi ka sanin haka. Abin da yake son ya gane shi ne ko kai ne mai wannan takarda, me za ka je yi, me ka ɗauko, kuma za ka koma ko ba za ka koma ba.

Takardun da za ka haɗa tun daga gida

Fasfo shi ne gaba da kome. Ka duba ranar ƙarewarsa. Idan abin da ya rage bai kai wata shida ba, sabunta shi kafin ka tashi. Ka duba shafukan da suka rage, domin fasfo mai shafi 32 ba ya jimawa a hannun mai bin wannan hanya, tun da kowace tafiya hatimi 12 take ci, wasu jami'an kuma tsakiyar sabon shafi suke bugawa. Mai yawan zuwa gara ya yi mai shafi 64. Fasfon da ya sha ruwa, ko shafin hotonsa ya ɓare, ko yaro ya yi masa zane, ya zama abin zargi, kuma babu bayanin da zai wanke shi a bakin iyaka.

Wanda ba shi da fasfo yana iya yin takardar tafiya ta ECOWAS a ofishin shige da fice. Ɗan littafi ne mai shekara biyu, ana karɓarsa a waɗannan ƙasashe, ana buga masa hatimi kamar fasfo. Amma takardar NIN, da katin zaɓe, da lasin tuƙi, da katin wurin aiki, babu ɗayansu da yake takardar ƙetare iyaka. Kana iya jin wani ya ce shi da katin zaɓe ya wuce Seme. Ya wuce, amma ba a shigar da shi ba. Kuɗi ya biya aka kau da kai, kuma duk shingen da ya tarar a gaba sai ya sake biya.

Na biyu shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai ruwan ɗorawa. A kansa aka fi kama mutane, don shi aka fi mantawa. Allurar ba ta fara aiki a idon doka sai ta cika kwana 10, don haka wanda aka yi wa ranar Litinin ya taso ranar Alhamis kamar bai yi ba ne. Tun watan Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai, ba a sake ta bayan shekara goma kamar da, ko da tsohon katin ya rubuta ranar ƙarewa. A Najeriya sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa, wato Port Health, shi ke ba da katin, kuma tun 2019 aka koma sabon samfuri mai lambar da ake dubawa da na'ura. Ka tabbata sunan da ke kan katin da lambar fasfon da aka rubuta sun yi daidai da fasfon da ke hannunka, akwai lambar kwalbar allurar, da sa hannu, da hatimi. Jaririn da bai kai wata tara ba ba a yi masa. Mai ciki ko mai larurar da ta hana a yi masa ya karɓi takardar likita mai hatimin asibiti.

Kada ka sayi katin a tasha. Masu sayar da shi suna nan da yawa, kuma jami'an lafiya sun san irin rubutunsu. Mai katin jabu ya fi wanda bai riƙe kome ba shiga uku: shi wancan sakaci ya yi, wannan kuwa takardar bogi ya miƙa wa hukuma da hannunsa.

Maganar suna tana damun mutanenmu fiye da kowa. Mutum ɗaya ne, amma a fasfo Muhammad, a katin rigakafi Mohammed, a takardar makaranta Mamman, a wasiƙar gayyata kuma an rubuta laƙabinsa na kasuwa. A gida kowa ya san shi ne, jami'in Aflao kuwa mutum huɗu yake gani. Duk takardar da za ka nuna, ta bi rubutun fasfo harafi da harafi.

Sai ka yi hoton shafin fasfo da katin rigakafi kwafi biyu, ɗaya a wata jaka daban, ka kuma ajiye a waya. Ka rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba, cikakken sunan wanda za ka sauka wurinsa, unguwarsa, da lambarsa. Layin Najeriya yakan ɗauke da zarar an wuce Seme, caji kuma yakan ƙare daidai lokacin da ake tambayarka.

Yadda ake bi, ƙofa bayan ƙofa

Daga Mile 2 ake samun motocin Seme, a bi ta Agbara da Badagry. Tun kafin a kai iyaka shingaye sun fara: 'yan sanda, kwastan, shige da fice, masu yaƙi da ƙwaya. Waɗannan dubawa kawai suke yi, ba su buga hatimi. Ka nuna takarda idan an tambaya, ka karɓi abinka.

A Seme, tun watan Oktoban 2018 da Shugaba Buhari da Shugaba Talon suka buɗe ofishin haɗin gwiwa, jami'an ƙasashen biyu a harabar wuri ɗaya suke. Tsarin dai ɗaya ne a ko'ina: jami'in lafiya ya duba katinka, shige da fice na ƙasar da kake bari ya buga maka hatimin fita, na ƙasar da kake shiga ya buga na shiga, kwastan su duba kaya. A ɓangaren Benin da Togo 'yan sanda ne ke aikin shige da fice, kwastan kuma su ne duwan. A Gana akwai hukumar shige da fice mai zaman kanta kamar a Najeriya.

Da ka sauka daga mota za su yi maka caa: masu cewa kawo fasfo su gama maka yanzu-yanzu, 'yan acaɓa masu cewa hau su zagaya da kai ta baya, 'yan canji, masu ɗaukar kaya. Wasu ma Hausa za su yi maka, su kira ka Alhaji. Kada fasfonka ya shiga hannun wanda ba ya sanye da kaki kuma ba ya zaune a inda ake aiki. Zagayen nan ta ɓarauniyar hanya da ake yi maka tallarsa a matsayin sauƙi shi ne mafi tsadar abin da za ka saya a tafiyar. Ba ka da hatimin shiga, wato a idon doka ba ka shigo ba, kuma ranar da ka zo fita, tambayar farko ita ce ta ina ka shigo.

Duk lokacin da aka miƙo maka fasfo, kada ka sa shi aljihu sai ka buɗe ka ga hatimin da idonka. Ka duba kwanan watan, domin jami'in da ya kwana a aiki yakan manta bai juya na'urar ba. Ka duba cewa na shiga ne ko na fita, don ana kuskuren ɗaukar wanda ba shi ba. A Aflao ka duba adadin kwanakin da aka rubuta maka da biro. Abin da aka rubuta shi ne izininka, ba abin da ka ji a rediyo ba. Gyaran kuskure minti biyu ne idan kana tsaye a gaban wanda ya yi shi. Idan ka kai Tema, kusa da Akra, ya zama aikin mako guda.

Masu shiga manyan motocin kamfani da ke zuwa Akra kai tsaye sun huta da yawan sauka. Ma'aikacin motar ke tattara fasfo ya kai a buga, kuɗin hidimar kuma yana cikin tikiti ko ana karɓarsa a tasha. Wannan tsari ne sananne, babu laifi a ba shi. Sai dai idan ya dawo da su, ka ƙirga hatiminka kafin mota ta tashi, don a cikin fasfo hamsin ba wuya a tsallake ɗaya.

Daga Seme zuwa Kwatano tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce idan babu cunkoso. Daga nan a bi ta Ouidah da Grand-Popo zuwa Hillacondji, kusan kilomita 100. Togo kuwa siririya ce a bakin teku, kimanin kilomita 50 daga Aneho zuwa Lome, iyakar Aflao kuma a cikin garin Lome take, ana iya takawa da ƙafa. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, don Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin. Ka tambayi direbobi a tasha ko ƙarfe nawa ake rufe ƙofar Aflao a lokacin da za ka yi tafiyar, ka shirya isa da rana. Aikin dare a kan iyaka manyan jami'ai sun tafi gida, kuma duk abin da ƙaramin jami'i ya ce shi ne magana.

Wucewa Aflao ba shi ne ƙarshe ba. A hanyar Akra, wajen Sogakope inda aka haye kogin Volta, akwai shingen shige da fice da na kwastan, ana sauke fasinja a sake duba takardu. A nan ne waɗanda suka zagaya ta baya suke kwana.

Tambayoyi da yadda ake amsa su

Ka fara da gaisuwa. A ɓangaren Najeriya da Gana "ofisa" ko "oga" ta wadatar, idan kuma ka ga Bahaushe ne ka ce masa ranka ya daɗe ko yallaɓai, amma kada ka ɗauka yare ɗaya zai sa ya tsallake aikinsa a gaban abokan aikinsa. A Benin da Togo "Bonjour, chef" tana gyara fuska ko da ita kaɗai ka iya. Cire tabarau, cire abin kunne, ajiye waya. Kada ka ɗauki hoto ko bidiyo a harabar iyaka. An hana, kuma yana iya jawo a karɓe wayar a bincike ta ciki da waje.

Tambayoyin ba su da yawa: ina za ka, wurin wa, me za ka yi, kwana nawa, mene ne sana'arka. Amsa gajera, ta gaskiya, kuma iri ɗaya a kowace ƙofa. "Zan je Nima ɗaurin auren ɗan wana, kwana biyar, ga katin gayyata, ga lambarsa." Wannan ta gama magana. Amsar da ke jawo zama a benci ita ce "zan je Gana ne kawai", ko "wani ne zai tarye ni, ban san sunansa ba", ko "sai yadda hali ya yi". A al'adarmu ba a son yanke ranar dawowa, sai a ce in Allah ya yarda. Ka faɗi in Allah ya yarda, amma ka haɗa da rana.

Jami'i yana auna maganarka da abin da ke gabansa. Ka ce kwana uku za ka yi, ga ka da buhu huɗu da tukunya da katifa. Ka ce ziyara, jakarka kuma cike da kayan gyaran waya ko takardun shaidar makaranta na neman aiki. Ka ce ɗan kasuwa ne kai, aljihunka bai wuce kuɗin mota ba. Ba ya bukatar ya kama ka da ƙarya, rashin jituwar kaɗai ta ishe shi. Idan kuna tafe a ƙungiya, sukan raba ku su tambayi kowa daban, don haka kowa ya san sunan mai masauki da dalilin tafiya, ba jagora kaɗai ba.

Mai niyyar kasa kaya a kasuwar Gana ya san da wannan tun daga gida: dokar zuba jari ta ƙasar ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da talla ga 'yan ƙasa, baƙon da zai buɗe harkar ciniki kuwa an ɗora masa jarin dala miliyan ɗaya. A kan wannan doka aka sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi. Zuwa sayen kaya ko kai wa abokin ciniki kaya daban, zama a buɗe shago daban, kuma hatimin kwana 90 bai ba ka na biyun ba.

Gaskiya ce kuma da ba a son faɗa: tun da hare-haren masu ɗauke da makamai suka gangaro arewacin Benin da Togo, matashi mai suna irin namu, mai tafiya shi kaɗai ba takarda cikakkiya, ana tsananta masa tambaya fiye da wani. Ba adalci ba ne, amma bakin kanta ba wurin yin wannan shari'a ba ne. Abin da ke raba ka da jami'an shi ne takardu cikakku, adireshi tabbatacce, da mutumin da zai ɗaga waya ya ce e, baƙona ne. Ka gaya wa mai masaukinka ranar da za ka iso iyaka don ya bar wayarsa a kunne. Kada ka sa tufafi mai zanen kakin soja ko ka saka shi a jaka. A Gana da Najeriya duk an hana farar hula sa shi.

Mace mai niƙabi dole ta buɗe fuska a gwada da hoton fasfo. Tana da damar ta nemi mace ta duba ta ko a koma gefe, kuma idan an nema da ladabi akan yi.

Yara

A nan jami'ai ba su wasa, saboda wannan hanya ta yi suna wajen safarar yara da 'yan mata zuwa aikatau da abin da ya fi shi muni. Kowane yaro da takardar tafiyarsa da katin rigakafinsa da takardar haihuwa. Idan uwa ce kaɗai ke tafe da shi, ta riƙe wasiƙar amincewar uban da kwafin katin shaidarsa da lambarsa. Idan ɗan riƙo ne, ko ƙanwar matarka, ko almajirin da aka ba ka ka kai wa malami, wasiƙar iyaye ta zama wadda aka yi rantsuwa a kanta a kotu. "Ai ɗana ne, ɗan ƙanena ne" magana ce da kowa ya gane a Kano, amma a Seme tana iya ƙarewa a ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya. Za su ja yaron gefe su tambaye shi sunanka da inda za ku, don haka ya sani.

Kuɗin da ake nema a hannunka

Buga hatimi ga ɗan ECOWAS kyauta ne a doka. A aikace kuwa sau da yawa za a ce ka kawo wani abu, kuma an fi matsa wa mai sabon fasfo da bai taɓa shan hatimi ba, a ce akwai kuɗin buɗe shi. Babu wannan kuɗi a kowace doka. Wanda takardunsa suka cika kuma ba ya sauri yana iya cewa cikin fara'a ba shi da shi, ko ya ce a ba shi rasit, ya koma gefe ya jira. Sau da yawa bayan ɗan lokaci za a turo masa fasfonsa, don ajiye shi ba riba. Idan abin ya ƙi, ya nemi ganin shugaban wurin, ba da faɗa ba. Wanda ke da giɓi a takarda kuwa ba shi da bakin wannan magana, kuma farashinsa a hannun mai kaki yake.

Kada ka soke kuɗi a cikin fasfo ka miƙa. Idan ka haɗu da mai gaskiya ko ranar da manya suka zo duba aiki, kai ne mai ba da cin hanci. Kada kuma ka zaro damin kuɗi a gaban kanta. Ƙananan kuɗin mota da na ruwa su zauna a aljihu ɗaya, sauran a ɓoye a jiki.

Kuɗi iri uku za ka taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Ka san farashin ranar kafin ka isa, ka canza kaɗan a iyaka, sauran a gari. Ka ƙirga a hannunka, kuma kada ka mayar wa ɗan canji ya sake ƙirga maka bayan ka gama, a nan ake zare na tsakiya. Wanda ya ɗauko abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta dole ya bayyana wa kwastan a rubuce, a Najeriya da Gana duka. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne ke sa a ƙwace.

Kaya da mota

Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko na wane ne. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne. Maganin da kake sha ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita, musamman masu kashe ciwo irin tramadol da duk abin da ke da kodin. Garin magani na gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna yana jawo dogon bincike, har a kai shi gwaji kai kuma kana zaune.

Amfanin gona da ba a sarrafa ba, da dabbobi, da kayan sana'ar hannu na yankin ba su biyan harajin shigo da kaya a tsarin cinikin ECOWAS, amma ana neman takardar lafiyar tsiro ko ta likitan dabbobi. Kayan masana'anta kuwa sai da takardar shaidar inda aka ƙera su. Duk abin da ka biya wa kwastan ko duwan, karɓi rasit ka adana, shingen gaba zai tambaya.

Mai tafiya da motarsa ya riƙe lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mallakar mota da sunansa, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. Idan motar ba tasa ba ce, da wasiƙar izinin mai ita. A kowace ƙasa kwastan za su ba shi takardar shigar da mota na ɗan lokaci, wadda zai mayar ranar fita. Yarjejeniyar 1979 ta ba motar gida kwana 90, ta haya kwana 15, amma abin da aka rubuta a takardar shi za a bi, kuma motar da ta wuce wa'adi ana ɗaukarta wadda aka shigo da ita sayarwa ba haraji.

Idan an ce ba za ka shiga ba

Ka tambayi dalili cikin natsuwa. Sau da yawa abu ne mai gyaruwa: a kira mai masauki, a turo hoton wata takarda, a yi maka allura a wurin idan akwai. Idan sun tsaya a kan bakansu, ka karɓi fasfonka ka koma ofishin ƙasar da ka baro, su soke hatimin fitar da suka buga ko su buga maka na shiga. Kada ka tsallake wannan, in ba haka ba fasfonka zai nuna ka fita ba ka shiga ko'ina ba. Kada kuma ka sauka daga nan ka hau acaɓa ka zagaya. Wanda aka mayar sannan aka kama shi a ciki, kora ce da hana shiga. Idan tsare ka aka yi, kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba, ka nemi tafinta, ka kuma nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Najeriya tana da ofishi a Kwatano da Lome da Akra, kuma su ne ke ba da takardar komawa gida ta gaggawa ga wanda fasfonsa ya ɓata, bayan ya kawo rahoton 'yan sanda.

Wanda ya ga zamansa zai wuce kwanakin da aka rubuta masa ya je ofishin shige da fice ya nemi ƙari tun wa'adin bai cika ba. Bayan ya cika, tara ce ake lissafawa ranar fita.

Mai fasfon Nijar ya san cewa ƙasarsa, tare da Mali da Burkina Faso, ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarinta, a kuma bar su su shiga ba biza har sai an sanar da wani abu. Sassauci ne da ake iya janyewa, don haka ya tafi da fasfo, ya kuma tambayi halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti.

A dawowa, hatimi shida ne dai, amma nauyin bincike ya koma kan kaya, kuma ya fi tsanani tsakanin Seme da Agbara. Kwastan na Najeriya suna neman shinkafar waje, wadda aka hana shigo da ita ta ƙasa, da kaji da talotalo masu ƙanƙara, da dilar gwanjo, da tsofaffin tayoyi, da taliya. Motocin sayarwa na Kwatano ma tun Janairun 2017 aka hana shigo da su ta iyakar ƙasa. Tsarabar gida kaɗan ba ta cika jawo magana ba, amma idan direba ya cusa buhunan wani a ƙarƙashin kujerarku, motar gaba ɗaya za a tsare. Ka leƙa but da ƙarƙashin kujera tun a tashar Kwatano kafin ka biya kuɗin mota.